Wadda Ta Kife Ta Taso da Kanta

Shafi na 23

"Sake karantawa, Sakatare sahab. Na ce ka sake!"

"Sau uku ke nan, Nuzhat."

"A nan kyaftin nake. In mun koma gida ka kira ni abin da ka ga dama."

Balbir ya ɓoye dariya cikin gemu. Izhar, mijin Nuzhat, wanda shi ne sakataren ƙungiyar ƙwallon kwale-kwale ta Ƙaramin Tafki kuma alƙalin wasa, ya tura tabarau sama ya sake ɗaga takardar.

"Daga wasan ranar Lahadi, in kwale-kwale ya kife ba za a busa usur ba. Wasa ya ci gaba. Wanda ya kife ya juyo da kansa, ko ya zare jiki ya yi iyo ya fita."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

"A kan teburin cin abincina ka rubuta?"

"Nuzhat..."

"Kyaftin!"

To, masu damuna da saƙo tun asuba wai ina taron da na ce za a yi, ga shi nan, ku gyara zama. Su bakwai ne masu ƙuri'a, a ɗakin ajiye kwale-kwale, bayan atisayen safe, kowa gashi na ɗigar ruwa. Ga poha, dafaffiyar shinkafar karin kumallo, da jalebi, soyayyen kayan zaƙi, a takarda sun huce, ba wanda ya taɓa sai Javed, ɗaya daga cikin 'yan wasan maza.

Kun dai san yadda ake yi a tafkinmu na birnin Bhopal tun kafin a haifi rabin yaran nan. In mutum ya kife ya kasa juyowa, sai ya fiddo hannu ya daki cikin kwale-kwalensa sau uku. Alƙali ya busa, ƙwallo ta tsaya cak. Wanda ya fi kusa, ko da abokin karawa ne, ya miƙa masa goshin nasa kwale-kwalen, ya kama ya taso. Sai a ci gaba. Ustad Mangilal ne ya kafa wannan, tsohon da ya koya wa kowa riƙon filafili. Ga shi can zaune a kan kifaffen bokiti, yana taunar paan, ganyen da suke tauna kamar goro.

"Apa, don Allah mu faɗa wa kanmu gaskiya."

Tanvi ke nan, kyaftin ɗin ɗaya ƙungiyar matan, 'yar shekara ashirin da biyu. Farcenta ja wur, wai kafin shiga ruwa ma sai an shafa. Amma kar ku ga farcen, in ta harbo ƙwallo sai ragar ta yi ƙara. Ku sani, Nuzhat take kira Apa, don a can Apa da Didi Yaya ke nan, bhai kuma ɗan uwa.

"Wasan minti ashirin, muna cin minti arba'in. Lahadin da ta wuce sau goma sha ɗaya aka busa. Na ƙirga. 'Yan kallo na bakin ruwa duk suka koma wajen mai shayi."

"To ki bi su ki sha."

"Kin manta gasar da muka je Kerala?"

"Kar ki fara."

"Zan fara! Ina gaban raga, babu gola, ƙwallo a hannuna. 'Yarsu ɗaya ta kife. Me na yi? Na yar da ƙwallo, na tuƙa da gudu in miƙa mata goshi. Mu biyar duka muka tsaya kamar gumaka muna jiran usur. Yarinya ta juyo abinta tana min kallon mahaukaciya, 'yan uwanta sun riga sun zura mana. Bakwai da biyu, Apa! Har a jirgin ƙasa ana nuna mu, ga 'yan Bhopal masu tausayi."

"Tausayin ne ya zama abin kunya yanzu?"

"A cikin wasa? E!"

Balbir, kyaftin ɗin maza na gabas, ya ɗaga yatsa.

"Ni abin da ya ishe ni daban ne. Akwai masu kifewa da gangan. Da sun ga an kwaso su a guje, numfashi ya ƙare, sai tsulum, a ƙarƙashin ruwa. Bam bam bam. A busa, su huta."

"Wa kake kallo?" in ji Javed, baki cike da jalebi.

"Na kira suna, Javed bhai?"

"To daina kallon cikina."

"Cikin naka ne ya cika ɗakin, ina zan kalla?"

"Na rantse ban taɓa kifewa da gangan ba! A kawo dokar, ni zan fara ɗaga hannu, ku gani!"

Allah na tuba, Javed kam ko makaho ya san yana yi. Amma ba shi ne labarinmu ba.

Nuzhat ta daki benci da filafili.

"Ku yi ta raha. Uwa nawa na je har gida na durƙusa mata kafin ta bar 'yarta ta shiga tafkin nan? Me nake ce musu? In ta kife duniya za ta tsaya sai ta taso. Gobe in koma in ce musu me? Za a bi ta gefenta ana tuƙi?"

"Dokar ta manya ce kawai," in ji Izhar, bai ɗago ba. "Yara suna nan a kan tsohon tsari. Yana layi na biyu."

"Ruwan nan ba na kwamin wanka ba ne irin na su Kerala. Kore ne. Ciyawa ce a ƙasa."

"A Kerala ma tafki ne, Apa," in ji Tanvi.

"Ustad-ji, ka yi magana mana! Dokarka ce ake yankawa a gabanka."

Tsohon ya tofar a gwangwani, ya share baki.

"Beti, 'yata, lokacin da na kafa ta, mutum biyu ne kaɗai suka iya juyowa a duk tafkin. Yanzu manya kowa ya iya. Shekara talatin da ɗaya ban ciro gawa a wasan nan ba, abin da na sani ke nan. Sauran ku kuka sani."

Kowa ya iya.

Maganar ta daki Nuzhat. Shekararta sha huɗu tana tsaron raga, filafili a sama, ba golar da ake tsoro a jihar kamarta. Ta ji ƙugin nan na kunnen hagu ya taso, siririn kuka kamar na sauro, wanda ba ya barinta tun bayan aikin da aka yi mata shekara uku da suka wuce. Ta saci kallon Hemlata, aminiyarta mai tsaron baya. Hemlata na can lungu tana matse tawul ɗin da tuni ya bushe.

Tanvi ta karkata kai.

"Apa, in tambaye ki?"

"A'a."

"Yaushe rabon da ki juyo da kanki?"

Javed ma ya daina tauna.

"Ke, ina juya kwale-kwale kina yawo ba wando."

"Na sani. Ke kika koya min. Shi ya sa nake mamaki. Shekara uku ina lura. Kina miƙewa tare ƙwallo, ki kife, bam bam bam, kafin a busa ma Hemlata didi ta iso. Kullum ita. Kamar an ɗaura ta da igiya a bayanki."

"Aikin mai tsaron baya ke nan," in ji Hemlata da sauri.

"Aikinta tare ni ne, Didi, ba gadin gola ba. Sau nawa kika bar ni na wuce don kina kallon bayanki?"

"Tanvi, ya isa," in ji Izhar.

"Bai isa ba, Izhar bhai. Ga ruwa nan taku goma. Apa ta shiga ta juyo sau ɗaya a gabanmu. Sau ɗaya tak. In ta yi, na rantse da mahaifiyata, ni da kaina zan ƙi dokar nan."

Nuzhat ta runtse ido. Ta ga koren duhun nan a idonta, inda sama da ƙasa suke zama abu ɗaya, tafki yana juyawa da ita kamar dutsen niƙa. Amma ido goma sha biyu na kanta.

Ta fizgi hular kwanonta daga ƙusa.

"Balbir, sauko min da kwale-kwalena."

"Apa, ai ba sai..."

"Sauko da shi!"

Hemlata ta yar da tawul ta sha gabanta.

"Ba za ki shiga ba."

"Matsa, Hema."

"Ba zan matsa ba."

"Za ki kunyata ni a gaban yarinyar da na goya?"

"Gara kunya."

"Hema, kin yi min rantsuwa."

"Na yi. Na karya, alhakin a kaina." Ta juya ga jama'a. "Ba ta iyawa! Ku ji da kyau, ba ta iyawa! Tun da aka yi mata aikin kunne, in kanta ya shiga ruwa jiri ke kwasarta. Ba ta sanin ina ne sama. Ko ledar da ke ɗaure ƙugunta da bakin kwale-kwale ba ta iya lalubo igiyarta ta zare. Bugun nan uku kaɗai ya rage mata. Shekara uku ba na barci ranar Asabar. Ni na san abin da nake gani in na ciro ta!"

"He Ram," in ji Ustad Mangilal a hankali, yana ambaton abin bautarsa.

Tanvi ta kai jan farcenta baki.

"Apa... wallahi... ni na ɗauka girman kai ne kawai. Ban sani ba."

Yarinyar da ba Musulma ba, ruɗewa ta sa ta rantsuwar mutanen unguwa.

Nuzhat ba ta ji ta ba. Ba Tanvi take tsoro ba, ba Ustad ba. Shekara uku tana ɓoye wa mutum ɗaya ne, wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Ta juya a hankali, ta shirya ganin fuskarsa ta tarwatse, ta shirya jin "me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Izhar na ninke takardarsa gida huɗu.

Bai firgita ba. Ko gira bai ɗaga ba.

Jama'a, mace ta san fuskar mijinta in ya ji sabon labari. Ta kuma san fuskarsa in ya ji tsoho.

"Ka sani."

Ya tura takardar cikin aljihu.

"Abban Sana, da kai nake. Ka sani?"

"Mu je gida mu yi maganar."

"A nan ka karanta dokarka, a nan za ka amsa. Tun yaushe?"

"Mako uku."

"Wa ya faɗa maka? Hema?"

"Ban faɗa ba, na rantse da ɗana!"

"Ba ita ba ce." Ya cire tabarau. "Ranar da kuka kara da ƙungiyar 'yan bakin gada. Kin kife, wasu biyu suka tare wa Hemlata hanya. Na busa, na tsaya a bakin ruwa ina ƙirgawa. Daƙiƙa ashirin da shida, Nuzhat. Hannunki ya daki kwale-kwale sau uku, ya sake uku, sannan ya daina. Ya daina! Kika fito kina amai, kika ce poha ce ta lalace."

"Sai ka shiga binciken kayana."

"Na ga takardar likita a ƙasan akwatin ɗinki. Ya rubuta kar kanki ya ƙara nutsewa a ruwa. Da jan biro ya ja layi."

"Mako uku kana cin abincina kana kallona, ba ka ce komai ba."

"Ke shekara uku."

Balbir ya miƙe a hankali.

"Ni bari in duba ko an ɗaure..."

"Zauna!" suka ce tare. Ya zauna.

Nuzhat ta matso har tana jin numfashin mijin.

"To fahimtar da ni, don karatuna bai kai naka ba. Ka san matarka ba ta iya tasowa. Sai ka zauna ka rubuta dokar da za ta hana a ciro ta. Haka ne?"

"Ba haka ba ne!"

"Gajiya ka yi da ni? Ai da ka faɗa."

"Don ki bari ne!" Muryarsa ta fashe. "Don ki bari da kanki! Muddin akwai usur za ki ci gaba da shiga, kina dogara da Hemlata, har ranar da za ta makara. Na ce in babu usur, kina da hankali, kina da 'yarmu Sana, za ki ajiye filafili ki ce kin gaji. Ba wanda zai san dalili. Ki fita da mutuncinki."

"Ba ka da baki ne? Ba za ka ce min Nuzhat ki bari ba?"

"Ranar ɗaurin aurenmu me mahaifinki ya sa na faɗa a gaban mutane? Me kika aiko ya tambaye ni kafin ki amsa?"

Ta kawar da kai.

"Cewa ba zan taɓa hana ki ruwa ba. Na ɗora hannu a ƙirji na faɗa. Shekara sha biyu ban karya ba."

"Sai ka zagayo ta baya."

"Sai na zagayo ta baya. E."

"Ka tara Kerala, ka tara 'yan kallo, ka tara cikin Javed..."

"Ni kuma me na yi?" in ji Javed.

"...ka zuga yarinyar nan, duk don kar ka kalli idona ka faɗi kalma biyu."

"Da na faɗa za ki ji?"

"Da na yi maka rashin kunya kwana uku. Da na fasa tukunya. Wataƙila da na ji. Yanzu ba za ka taɓa sani ba."

Ustad Mangilal ya buga gwangwaninsa a ƙasa.

"Ya isa. Wannan ɗakin kwale-kwale ne, ba kotun aure ba. An kawo takarda, sai an yi ƙuri'a, haka tsarinmu yake. Masu son sabuwar doka, hannu sama."

Balbir ya ɗaga, yana kallon rufi. Javed ya ɗaga rabi, ya tuna rantsuwarsa, ya ƙarasa. Izhar ya ɗaga, idonsa a kan matarsa, kamar mai roƙo.

Uku.

Kowa ya juya ga Tanvi, mai bakin ɗazu. Hannayenta na cikin cinya.

"Ni na fasa," ta ce ƙasa-ƙasa. "A bar usur ɗin. Saboda Apa. Mu ma za mu riƙa lura da ita, ba Didi kaɗai ba. Zan faɗa wa 'yan ƙungiyata kar wadda ta harba mata ƙwallo sama sosai. A riƙa yi mata a hankali."

A riƙa yi mata a hankali.

Nuzhat ta dube ta. Ta dubi Hemlata da ke sharar hawaye tana gyaɗa kai. Ta dubi Ustad, wanda ya taɓa cewa a gaban 'yan jarida bai taɓa horar da gola irinta ba, yau yana mata kallon da ake yi wa tsohuwar akuyar gida. Ta hango ranar Lahadi: ƙwallaye masu laushi suna zuwa mata daidai filafili, 'yan kallo na tafi, kowa a tafkin ya san wasa ake da ita. Ta hango duk Lahadin da za ta biyo baya.

Ta ɗaga hannu.

"Nuzhat!" in ji Hemlata.

"Ƙirga, Ustad-ji."

"Beti, ki yi tunani."

"Ka ƙirga."

Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Huɗu. Doka ta wuce."

Izhar ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka saki. Har ya fara miƙa mata hannu.

"Na gode. Wallahi ba za ki yi nadama ba. Sai ki koma horar da yara, Ustad ma ya ce..."

"Wa ya ce maka na bari?"

Hannun ya tsaya a iska.

"Sakatare sahab, buɗe littafinka ka rubuta 'yan wasan Lahadi. Mai tsaron raga, Nuzhat."

"Ba zai yiwu ba."

"Hana ni. Ga mutane, ga shaidu. Buɗe baki ka ce Nuzhat na hana ki ruwa."

Leɓensa ya motsa.

"Na janye hannuna!" ya juya ga Ustad. "Ustad-ji, na janye! Uku ne, ba huɗu ba! Na janye takardar ma gaba ɗaya!"

"Na riga na ƙirga, beta, ɗana. Sai taron wata mai zuwa."

"Lahadi jibi ce!"

"Na san kwanakin mako."

Nuzhat ta kifa hular kwanon a kanta, ta ɗauki filafili.

"Hema, ranar Lahadi ki tare Tanvi, ki bar kallon bayanki. In na ga goshin kwale-kwalenki kusa da ni, ni da ke har abada. Ke kuma Tanvi, ki harbo yadda na koya miki, can ƙuryar sama. Kika sassauta min ko sau ɗaya, kar ki ƙara kirana Apa."

"Apa, don girman Allah..."

"Kai kuma alƙali," ta tsaya daidai kafaɗarsa, ba ta kalle shi ba, "usur na bakinka, doka ta hannunka. In na kife sai mu ga wanne za ka bi."

"Nuzhat, Sana fa? Me zan ce wa Sana? Nuzhat!"

Ta fizgo ƙofar ƙarfen ta buga ta da ƙarfin da ya sa filafilai uku suka zubo daga bango.